Rumbun fina-finai na dijital: Yadda ake tara shi da yadda yake salwanta

Cikin shekaru talatin da 'yan kai, fim ɗin Hausa ya sauya mazauni har sau uku. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, a kaset ɗin bidiyo ya shiga kasuwa. Daga bisani faifan VCD ya ture kaset, DVD ya biyo baya, sannan dukkansu suka ba da wuri ga fayil ɗin da ake turawa a waya ko a filash. Kasuwar Ƙofar Wambai, wadda a da ita ce cibiyar dillalan kaset da faifai, ta ga cinikin ya koma hannun masu tura fina-finai, waɗanda ake kira 'yan daunlodin. Kowace ƙaura daga cikin waɗannan ta bar wasu fina-finai a baya, domin abin da ba a kwashe zuwa sabon mazubi ba yakan mutu tare da tsohon.

A yau mai shagon tura fina-finai a bakin kasuwa, ko ma'aikacin da ya shekara goma yana tara fina-finan Indiya da na Hausa, yana iya riƙe dubban fina-finai a na'urar da ba ta wuce tafin hannu ba. Ga ɗan kasuwa, wannan na'urar ita ce jarinsa baki ɗaya. Ga furodusa kuwa, wani lokaci ita kaɗai ce ke ɗauke da asalin aikin da ya ci miliyoyin naira.

Lissafin wuri

Ana auna fayil da megabayit, gigabayit da terabayit, kowanne ya ninka na ƙasa da shi kimanin sau dubu. Faifan CD na ɗaukar megabayit 700, abin da bai wuce minti 80 na hoton VCD ba, shi ya sa aka riƙa raba fim gida biyu. DVD mai shimfiɗa ɗaya na ɗaukar gigabayit 4.7, mai shimfiɗa biyu 8.5, faifan Blu-ray kuwa 25 ko 50, sannan na hoton 4K ya kai har 100.

Girman fim ba ya dogara da tsawonsa kaɗai. Abin da ya fi tasiri shi ne yawan bayanan da aka ware wa kowace daƙiƙa ta hoto. Fim mai awa biyu da aka ba megabit 8 a daƙiƙa zai ci gigabayit 7.2, amma idan aka matse shi don kallo a waya zai iya komawa ƙasa da gigabayit ɗaya. Matsewar tana da tsare-tsarenta. H.264, wanda aka kammala a 2003, kusan kowace waya da talabijin na karanta shi. H.265 na 2013 yana iya rage girman fayil da kusan rabi ba tare da hoton ya sauya sosai ba, sai dai tsofaffin na'urori kan ƙi buɗe shi. MP4 da MKV da ake gani a ƙarshen sunan fayil ba tsarin matsewa ba ne, mazubi ne kawai. MKV yana iya haɗa muryoyi da rubutattun fassarori da dama a fayil guda, ta yadda fim ɗin Indiya zai zauna da asalin muryarsa da kuma fassarar Hausa ba tare da an ajiye kwafi biyu ba.

Duk lokacin da aka sake matse fim, wani ɓangare na hotonsa ya tafi ke nan, ba ya dawowa. Fayil ɗin da ya bi ta WhatsApp ya sauka a waya, aka sake rage shi aka tura wa wani, ya zama jikan jikan asali. Don haka mai tarawa da gaske yakan ajiye mafi kyawun kwafin da ya samu a gefe, ya riƙa cirar ƙananan kwafi daga gare shi don ciniki ko kallo. Mayar da hoton VCD zuwa babban fayil kuwa ɓarnar wuri ce, domin ɗigo 352 a kwance da 288 a tsaye ne asalinsa, kuma ba zai ƙaru ba.

Akwai abubuwa biyu da kan jawo gardama tsakanin mai saye da mai sayarwa. Na farko, rumbun da aka rubuta masa terabayit 1 yakan nuna gigabayit 931 a kwamfuta. Wannan ba ha'inci ba ne, kamfanoni na ƙirga da dubu-dubu, Windows kuma na ƙirga da 1,024. Na biyu, filash ɗin da aka tsara da FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya haura gigabayit 4, ko da fili ya rage a cikinsa, sai an sake tsara shi da exFAT ko NTFS. Ha'incin gaske yana wurin jabun filash da memori, waɗanda ake shirya su su nuna girman da ba su da shi. Suna karɓar fayil kamar lafiya lau, alhali sabon yana hawa kan tsohon yana shafe shi. Manhajar H2testw, wadda kyauta ce, takan cika na'urar da bayanai ta sake karanta su, ta fallasa ainihin girmanta. Gwajin yana cin lokaci, amma ya fi a gano bayan an zuba kaya.

Mazubin da ya dace

Ga mai tara fina-finai da yawa, had-dis shi ne mafi arha idan aka kwatanta kuɗi da girma. A cikinsa akwai fayafai masu juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, da wani ɗan hannu da ke shawagi a kansu da tazarar da ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Wannan ne ya sa faɗuwa daga kan tebur yayin da yake aiki kan iya kashe shi nan take. Kamfanin Backblaze na Amurka, wanda ke amfani da dubban ɗaruruwan irin waɗannan na'urori, yana wallafa alƙaluman mutuwarsu, kuma a 'yan shekarun nan adadin na tsayawa tsakanin kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari a shekara. Sai dai waɗannan na'urori ne da ke zaune a ɗaki mai sanyi, da wutar da ba ta ɗaukewa. Wanda ke yawo a jakar ɗan kasuwa a kan babur, ana cire shi ana maƙalawa sau ashirin a wuni, ba a wannan lissafin yake ba.

SSD ba shi da abin da ke juyawa, ya fi sauri kuma ya fi jure jijjiga, amma yana da nasa rauni. Da cajin lantarki yake riƙe bayanai, kuma cajin na tsiyayewa sannu a hankali idan an ajiye shi ba wuta. Ƙa'idar ƙungiyar JEDEC ta tanadi cewa SSD na amfanin gida da ya cinye ƙarfinsa ya iya riƙe bayanai shekara guda a zafin digiri 30. Ɗaki mai rufin kwano a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu ya wuce wannan ma'auni da nisa, kuma zafi na gaggauta tsiyayar. SSD na aikin yau da kullum ne, ba na jefawa a durowa shekara biyar ba. Filash da memorin waya ma haka, ko fiye. Faifan DVD da aka ƙona a kwamfuta shi ma ba abin dogaro ba ne, domin rinin da ke riƙe bayanan yana lalacewa da zafi da hasken rana.

Manyan ɗakunan ajiya da kamfanonin fim na duniya sun fi dogara da kaset ɗin LTO, wanda samfurinsa na 9 ke ɗaukar terabayit 18. Kaset ɗin ba shi da tsada sosai, na'urar karanta shi ce ta fi ƙarfin mai ƙaramin shago.

A wannan yanki, wuta ta fi tsufa kashe na'ura. Ɗaukewarta yayin da ake rubuta fayil kan lalata tsarin rumbun, dawowarta da ƙarfi ko sauyawa zuwa janareta kan ƙona allonsa. Wanda ke da rumbu mai amfani da wutar soket yana buƙatar UPS ko inbata a tsakani. Ƙurar hunturu kuma takan toshe fankar kwamfuta ta haddasa zafi.

Kwafi uku

Mai ɗaukar hoto Peter Krogh, ɗan Amurka, shi ya yayata ƙa'idar da ake kira 3-2-1: kwafi uku na kowane abu mai muhimmanci, a kan mazubi iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. Sashen ƙarshe shi aka fi yi wa sakaci. Rumbu biyu a shago ɗaya ba su da amfani ranar gobara ko ranar da ɓarawo ya fasa, kuma 'yan kasuwar Sabon Gari da na Kantin Kwari ba sa buƙatar a yi musu bayanin gobarar kasuwa. Kwafin da ke gida, ko a hannun ɗan'uwa a wata unguwa, shi ne na gaske.

Labarin Toy Story 2 ya shahara a wannan fage. A 1998, wani umarni da aka bayar bisa kuskure a kwamfutocin kamfanin Pixar ya goge kusan kashi 90 cikin ɗari na aikin fim ɗin. Da aka koma ga kwafin ajiya, sai aka tarar ya daɗe da samun matsala ba wanda ya lura. Abin da ya ceci aikin shi ne kwamfutar Galyn Susman, wata jami'ar fasaha da ke aiki daga gida saboda jego. Kamfanin yana da kwafi, abin da bai yi ba shi ne gwada shi. Ya kamata a riƙa jona rumbun ajiya aƙalla sau biyu a shekara, a buɗe wasu fina-finai daga wurare dabam-dabam, a kuma duba lafiyarsa da manhaja irin CrystalDiskInfo. Da zarar ta nuna gargaɗi, ko rumbun ya fara ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa, a kwashe kayan ciki a ranar.

Masu hali kan sayi akwatin NAS, wanda ke haɗa rumbuna da dama a tsarin RAID, ta yadda idan ɗaya ya mutu sauran za su riƙe kayan. Yana da amfani, amma ba ya maye gurbin kwafi na biyu, domin fayil ɗin da aka goge da kuskure ko bairos ya kulle yakan tafi daga dukkan rumbunan lokaci guda. Bairos kuwa babbar barazana ce ga shagon da wayoyi da filash ɗin jama'a ke shiga kwamfutarsa daga safe zuwa dare. Rumbun ajiya bai kamata ya kwana a jone da irin wannan kwamfuta ba.

Kwashe kaya ma yana son tanadin lokaci. Terabayit 4 a gudun megabayit 100 a daƙiƙa zai ci awa 11, ta tsohuwar kafar USB 2.0 kuwa ya haura awa 30.

Ajiya a intanet tana iya zama kwafi na uku ga muhimman fayiloli, amma tsadar data da kuɗin wata-wata sun sa ba ta dace da terabayit goma ba. Ba ta kuma da tabbas na har abada: a watan Janairun 2012 hukumomin Amurka suka rufe shafin Megaupload, masu ajiya da yawa suka rasa kayansu, har da waɗanda nasu na halal ne. Furodusan da ya ɗora fim a YouTube ya goge asalin ya yi ganganci, domin shafin na sake matse duk abin da aka ɗora, kuma ana iya rufe tasha saboda ƙarar haƙƙin mallaka.

Suna da haƙƙi

Fim dubu biyar da ba a san inda kowanne yake ba, tarkace ne. Tsarin da manhajojin Kodi, Plex da Jellyfin suke ganewa shi ne sunan fim sannan shekararsa, kowane fim a foldarsa. Shekarar tana da muhimmanci saboda maimaituwar sunaye: akwai Don na 1978 da na 2006, akwai Devdas na 1955 da na 2002. Masu dogon zango kamar Labarina da Izzar So kuma a rubuta lambar zango da ta kashi da sifili a gaba, 01 da 02, don kada kashi na 10 ya hau kan na 2 a jeri. Manhajojin kan ɗebo hoto da bayanin fina-finan Amurka da Indiya da kansu, amma tsofaffin fina-finan Hausa da yawa ba sa cikin kundayen da suke dubawa. Sai mai rumbun ya rubuta sunan kamfani, darakta, jarumai da shekara da hannunsa, ya ajiye jerin a wani wuri dabam da rumbun.

Mallakar fayil ba ita ce mallakar fim ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta shafi kwafin dijital da rarraba shi ta intanet, kuma sayar da fim ba da izinin mai shi ba laifi ne komai ƙanƙantar kuɗin. Fim ɗin da aka sauke a manhajar Netflix kuma a kulle yake, haya ce da ke ƙarewa da ƙarewar biyan kuɗi.

Abin da ya fi gaggawa shi ne tsofaffin kaset. Wani bincike da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa kashi 70 cikin ɗari na dogayen fina-finan ƙasar marasa magana, na tsakanin 1912 da 1929, sun ɓace gaba ɗaya. A Najeriya, fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shafe shekaru ana zaton ya salwanta, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Wannan a kan zaren fim na silima aka ɗauke shi, wanda ya fi kaset ɗin bidiyo ƙarko. Kaset ɗin shekarun 1990 yanzu ya haura shekara ashirin da biyar, zarensa na manne wa juna, danshin damina na sa masa fumfuna, kuma kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera na'urar kunna shi, ya daina a 2016. Wanda ke da irin waɗannan kaset yana buƙatar bidiyo mai lafiyayyen kai da ƙaramar na'urar ɗaukar hoto ta USB. Aikin ba ya gaggautuwa, kaset mai awa biyu awa biyu zai ci, kuma a fara da waɗanda ba a taɓa ganin sun fito a faifai ba.