Ɗanmaraya Jos, Mai Wasan Kwaikwayo da Tsirkiya Ɗaya

Ya ku 'yan makaranta, duk wanda ya tashi a Dutse, ko Kiyawa, ko Birnin Kudu, ya san abin da kan faru idan watan azumi ya kwana goma. Da an sha ruwa sai yara su fito tashe, su bi gida gida. Wannan ya liƙa gemun auduga ya zama tsoho, waccan ta sa riga da hula ta zama Daudu, ƙawarta ta zama Mairama, suna waƙa suna kwaikwayon zaman aure, manya suna dariya suna ba su hatsi ko 'yan kuɗi. To, wannan abu da muka ɗauka wasan yara ne kurum, watau a haɗa waƙa da kwaikwayo a ba da labari, a waɗansu ƙasashe sana'a ce babba, masu yinta kuwa mutane ne da ake ji da su.

A Ingila an yi waɗansu mutum biyu, Gilbert da Sullivan. Gilbert shi ke tsara labari da kalmomi, Sullivan kuwa shi ke sa musu kiɗa. Daga 1871 zuwa 1896 sun yi wasanni 14 tare, har aka gina gidan wasa na Savoy a Landan a 1881 domin nuna aikinsu. A ƙasarmu ma, a Ikko, Hubert Ogunde ya nuna wasansa na farko mai waƙa a 1944, daga baya ya bar aikin ɗan sanda ya kafa ƙungiya, ya riƙa yawo da ita gari gari. Amma irin wannan aiki yana bukatar ɗaki babba, da makaɗa, da 'yan wasa, da tufafi iri iri. Ko Hausawa sun taɓa samun nasu gwani a wannan fanni? Lalle sun samu, sai dai shi kayan aikinsa duka za su shiga aljihun babbar riga. Sunansa Adamu Wayya, wanda duniya ta sani da Ɗanmaraya Jos.

An haife shi a Bukuru, garin masu haƙar kuza kusa da Jos, a 1946. Ubansa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne. Ba a daɗe da haihuwar yaron ba sai uban ya rasu, uwar kuma ta bi shi tun ɗan yana ƙarami. Allah Sarki! Daga nan ya sami wannan suna da ya bi shi har kabari. Sarkin nan da ubansa ya yi wa kiɗa shi ya ɗauke shi ya riƙe. Tun yana yaro ya je Maiduguri, can ya ga masu kaɗa kuntigi, abin ya shiga ransa. Da ya komo gida sai ya haɗa nasa, bai kuwa sake rabuwa da shi ba.

Shi kuntigi ba wani abin a zo a gani ba ne. Gwangwanin kifi ne ake rufe wa baki da fatar akuya, a sa masa ɗan itace, a ɗaura tsirkiya guda ɗaya tak. Ku gwada shi da kayan manyan makaɗa. Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da kotso yake kiɗa, yaransa suna karɓa masa. Mamman Shata na Katsina yana da masu kalangu da 'yan amshi a bayansa. Ɗanmaraya kuwa shi kaɗai yake tsayawa, shi ne makaɗi, shi ne mawaƙi, ba mai karɓa masa. Masu iya magana sun ce kada a rena gajere, a taka shi a gani.

Abin al'ada ga ɗan makaɗin fada shi ne ya gaji ubansa, ya wasa sarki da hakimai, a ba shi riga da doki. Ɗanmaraya ma ya yi waƙoƙin yabo, amma waƙar da ta fara fito da shi ba ta sarki ba ce, ta Karen Mota ce. Kun san karen mota. Idan kun tsaya a bakin hanya a Shuwarin ranar kasuwa za ku gan shi, yaron nan mai baƙin mai a riga, wanda ke loda kaya, ya sa wa taya waigi, ya tura mota in ta ƙi tashi, ya kwana ƙarƙashinta in ta lalace a daji. Kowa yana mora tasa, ba mai gode masa. Shi Ɗanmaraya ya ɗauka ya yi wa waƙa, kamar yadda ake yi wa 'ya'yan sarauta. Daga nan talakawa suka gane sun sami nasu.

To, ina wasan kwaikwayon yake? Yana cikin yadda yake gina waƙa. Mawaƙin yabo yakan jera kirari ne da asalin ubangidansa. Ɗanmaraya kuwa sai ya kafa labari, ya sa mutane a ciki, ya ba kowa bakinsa. Ya yi maganar miji, ya juya ya mayar da ta mata, kana ya koma muryarsa ya yanke hukunci, kuntigi yana bin kowace magana a guje. Mai sauraro ko a gindin rediyo yake, sai ya ga kamar yana leƙen tsakar gidan maƙwabcinsa.

Waƙoƙinsa uku na aure su suka fi nuna wannan gwaninta. A Jawabin Aure ya bayyana wahalar da saki ke jawowa, ya gargaɗi miji da mata su riƙa sasantawa. A Gulma Wuya ya kawo wata magulmaciya wadda ke haɗa baki da boka, tana ruɗin matan aure da alkawarin kuɗin da ba za su taɓa gani ba, har ta kashe musu aure. A Auren Dole kuwa ya soki iyayen da ke ba da 'yarsu ga wanda ba ta so. Ku lura, waɗannan al'amura ne da yarinya ba ta iya faɗa wa ubanta, ƙarami kuma ba ya iya faɗa wa babba, domin kunya da ladabi. Amma da mawaƙi ya sa su a bakin mutanen cikin waƙa, sai uba da 'ya suka zauna suka ji tare, aka yi dariya, maganar kuma ta isa inda aka aike ta. Mun tabbata a cikinku akwai wanda ya san wata da suka fara karatu tare, aka cire ta ba da sonta ba. Waƙar nan ba ta tsufa ba tukuna.

Bai tsaya ga aure kaɗai ba. Ya yi Mai Akwai da Babu a kan zaman mawadaci da matalauci, ya yi Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali a kan halin mutane. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojan Nijeriya waƙoƙi, yana siffanta fagen fama. Kuntigin nan ya kai shi ƙasashen waje, gwamnati ta ba shi lambar girma, Jami'ar Jos kuma ta ba shi digirin girmamawa, har ana kiransa Dakta. Ya rasu a Jos ran 20 ga Yuni, 2015. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.

Abin da ya sa muka kawo muku wannan labari shi ne, mun san akwai ɗabi'ar rena makaɗi a ƙasarmu, a ce ai maroƙi ne. Mai ɗan ilmin boko kuma wani lokaci sai ya ɗauka duk abin kirki daga ƙetare yake zuwa. Haƙiƙa ya kamata ku san Sullivan, ku san Ogunde, domin sanin na wasu shi ke ƙara wa mutum sanin nasa. Amma ku tuna maraya da gwangwanin kifi ya yi irin aikinsu da harshenku, a kan mutanen da kuke gani kullum.

Saboda haka ga shawararmu. Ku nemi waƙoƙinsa wurin iyayenku ko a rediyo, ku saurara da kunnen basira, ku ƙidaya mutum nawa ke magana a cikin kowace. Idan malaminku ya yarda, ku raba muryoyin a tsakaninku, ku nuna ɗaya a makaranta ranar ba da hutu. Azumi kuma in ya kewayo, ƙannenku suka fito tashe, kada ku kore su daga ƙofar gida. Wa ya san ko akwai wani Ɗanmaraya a cikinsu?