Kaki Ba Ya Gadon Ƙasa: Fallata da Rundunar Difa'ush Sha'abi a Nilul Azraƙ

A watan Nuwamban 1989, 'yan watanni bayan juyin mulkin Umar al-Bashir, gwamnatin Sudan ta kafa rundunar 'yan sa-kai mai suna Difa'ush Sha'abi domin ta dafa wa sojoji a yaƙinsu da 'yan tawayen SPLA ta John Garang. Galibin manazarta ta fuskar aƙida suke duban rundunar, wato jihadin da mutanen Hasan Turabi suka yi ta yekuwarsa. Wannan duba bai isa ya bayyana shigar matasan Fallata cikinta ba; Fallata shi ne sunan da ake haɗa Hausawa da Fulani da Barebari a ƙarƙashinsa. Nasu dalilin ya girmi yaƙin.

Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru da ya faɗi a Burmi a 1903, ya kafa garin Maiurno kusa da Sennar a 1906. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 kuwa ƙarshen 1897 ta ɗauka ma'auni: sai wanda kakansa ke zaune a Sudan kafin nan. Don haka iyalan da suka tsinci audugar Gezira tun buɗe gonakinta a 1925 suka wayi gari ana tambayar su takardar jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasa. Ga mai irin wannan tabo, kaki shaida ce da kowa ke gani.

Horon makonni kaɗan ne a sansani, sai filin daga. Da garuruwan Kurmuk da Ƙaisan na Nilul Azraƙ suka faɗa hannun 'yan tawaye a Janairun 1997, madatsar Roseires ta shiga haɗari, aka yi ta tura 'yan sa-kai kudancin Damazin. Wanda aka kashe, hukuma kan shirya masa "auren shahidi" a ƙofar gidansu, ana guɗa maimakon zaman makoki. Yarjejeniyar zaman lafiya ta 2005 ba ta rushe rundunar ba. Ta koma fagen fama a Satumban 2011 kan 'yan tawayen Malik Agar, sai bayan faɗuwar al-Bashir a 2019 aka soke ta.

Me hidimar ta haifar? Dokar 1994 ta mayar da ma'aunin zuwa 1956, takarda ta yi sauƙi. Amma ikon ƙasar noma na hannun sarautun gargajiya, kuma da Hausawa suka nemi masarautarsu a Nilul Azraƙ, rikici ya ɓarke a Yulin 2022, ya sake tashi a Wad al-Mahi a Oktoba, aka rasa ɗaruruwan rayuka. Gwamnatin da ta raba makaman ta kau, maƙwabtan da aka yi yaƙin a ƙasarsu suna nan, ba su manta ba.

Tun 2023 ana sake kiran matasa su shiga sahun mustanfarin, wato sababbin 'yan sa-kan da ke dafa wa sojoji. Kafin su amsa, ya kamata su tambayi iyayensu abin da kakin farko ya bar musu.