Harsashin Mararrabar Osu Da Jana'izar Nima

Duk shekara idan 28 ga Fabrairu ta zagayo, nakan ware rabin awa a shirina na safe don tunawa da tsofaffin sojoji uku da aka harbe a mararrabar Osu, nan birnin Akra, wanda mu a Zango muke ce wa Ankara. A bana, ina gama karanto sunayensu sai wani dattijo ya bugo waya daga Mamobi, ya ce: "Ɗana, ka faɗi waɗanda aka harba, amma ba ka faɗi su wa aka saba ɗora wa bindigar ba. Koma ka bincika." Na ce, "To Baba, na gode." Na koma na bincika, abin da na samo shi ne wannan rubutun.

Mu fara daga tushe. A 1863 wani Bature, Kyaftin John Glover, ya tara wasu 'yan Arewa a Legas, akasarinsu bayin da suka gudo, ya ba su bindiga da kaki. Su ne aka riƙa kira Hausawan Glover. A 1873 aka kawo su wannan ƙasa don yaƙin Asante, wanda ya ƙare da ƙona Kumasi a Fabrairun 1874. Daga cikin irin waɗannan dakaru ne aikin soja da na 'yan sanda masu makami ya samo asali a ƙasar nan. Ba duka ne Hausawa ba. Akwai Mosawa, da Zabarmawa, da Dagwamba, da Gurunshi, da Yarbawa, amma Hausa ce harshen bariki, shi ya sa sunan ya rufe kowa. Turawa sun raba 'yan sanda gida biyu: masu karatun boko na Kudu su riƙe alƙalami da ofis, 'yan Arewa kuma su riƙe kulki da bindiga. Dabarar ba ta ɓuya ba. Baƙon da ba shi da uwa ko ƙane a cikin taron jama'a zai fi saurin ɗaga kulki idan an ce ya ɗaga. Abin da dattijon nan yake nufi ke nan: kakanninmu na Zango sun daɗe a bayan bindiga kafin jikokinsu su tsinci kansu a gabanta.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, an kwashi dubban matasa daga nan aka kai su Habasha da Bama. Sun dawo bayan 1945 suka tarar da fanshon da bai kai ya kawo ba, ga rashin aiki, ga tsadar kaya a shagunan Turawa. Wasu daga cikinsu a Nima suka yada zango, unguwar da Malam Amadu Futa ya kafa, wadda a lokacin take wajen gari. A ranar 26 ga Janairu 1948, Nii Kwabena Bonne na Uku, ɗaya daga cikin sarakunan Osu, ya jagoranci ƙaurace wa sayen kayan Turawa saboda tsada. An yi wata guda ana abin, aka shirya janye shi ranar Asabar 28 ga Fabrairu.

A wannan rana ce ƙungiyar tsofaffin sojoji ta fito da takardar kokenta. An ba su izinin bin wata hanya, amma suka juya suka nufi fadar Kiristansbog, inda Gwamna Gerald Creasy yake zaune, domin su miƙa masa hannu da hannu. Babu makami a tare da su. A mararrabar da ke kaiwa fadar suka haɗu da 'yan sanda ƙarƙashin Sufurtanda Colin Imray. Aka ce su tsaya, ba su tsaya ba. Aka harba barkonon tsohuwa, taro ya rikice, duwatsu suka fara tashi. Imray ya ba da umarnin harbi, yaransa ba su harba ba, sai ya fizge bindiga daga hannun ɗayansu ya harba da kansa. Saje Adjetey, da Kofur Attipoe, da Farabiti Odartey Lamptey suka rasa rayukansu.

Wannan jinkirin da ƙananan 'yan sanda suka yi shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Mutanen da aka horar don su bi umarni ba tambaya, ga shi sun ga tsofaffin sojoji a gabansu, hannunsu ya ƙi. Littattafan makaranta ba su cika tsayawa a kan wannan ba.

Kafin rana ta faɗi gari ya kama da wuta. Aka farfasa shagunan Turawa da na Kwarori, aka ɓalle ƙofar kurkukun Ussher, tarzoma ta bazu har Kumasi da Koforiduwa. Ƙididdigar hukuma ta ce mutum 29 suka mutu, 237 suka ji rauni. A ranar 12 ga Maris aka kama shugabanni shida na jam'iyyar UGCC, cikinsu har da J. B. Danquah da Kwame Nkrumah. Daga Landan aka turo kwamitin bincike ƙarƙashin Aiken Watson. Kwamitin ya ce tsarin mulkin da ake kai ya tsufa, a sake shi, kuma wannan ne ya buɗe hanyar da ta kai ga 'yancin kai ranar 6 ga Maris 1957. Amma game da harbin kansa, kwamitin ya wanke Imray, ya ce bai saɓa doka ba. Ƙasa ta samu 'yanci, iyalan mamatan ba su ga an hukunta kowa ba.

Ni ban ga 1948 ba, amma na ga 2001. Ina firamare a lokacin. Ranar Laraba 9 ga Mayu, Hearts of Oak ta karɓi Asante Kotoko a filin wasa na Ankara. Hearts ta ci biyu da ɗaya a ƙarshen wasa, magoya bayan Kotoko suka fusata da alƙalanci, suka riƙa jefa kujerun roba da gorunan ruwa cikin fili. 'Yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo, alhali ƙofofin fita a kulle suke. Mutane suka yi rububin tserewa, suka tattake juna a kan matakala. Ƙididdigar hukuma ta ce mutum 126 suka mutu, da yawa daga cikinsu 'yan Nima da Mamobi da sauran Zanguna.

Abin da nake tunawa shi ne daren. Kowa ya kasa kunne ga rediyo, iyaye mata suna bin lungu-lungu suna tambayar wanda ya ga 'ya'yansu, maza kuma sun nufi asibitin sojoji da na Korle Bu don duba gawarwaki. Ina jin a wannan daren ne na fara fahimtar abin da rediyo yake ga talaka. Bayan an yi wa mamatanmu salla an binne su, matasa suka yi dandazo suka nufi ofishin 'yan sanda na Nima, sai da aka yi harbi sama kafin su watse. Shugaba John Kufuor ya ayyana makokin kwana uku, ya kafa kwamiti ƙarƙashin lauya Sam Okudzeto. Kwamitin ya ɗora wa 'yan sanda babban kaso na laifin, ya ce sun wuce gona da iri. Aka gurfanar da manyan jami'ai shida bisa zargin kisa ba da niyya ba, kotu ta sallame su a 2003.

Daga nan labarin bai canza sosai ba. A Yulin 2018 'yan sanda suka harbe matasa bakwai 'yan Zangon Asawase na Kumasi a Manso Nkwanta, suka ce 'yan fashi ne. Matasan Zango suka cika titi, kwamitin gwamnati ya ce bai ga hujjar cewa 'yan fashi ba ne, aka dakatar da 'yan sanda 21, aka biya iyalai diyya. A ranar 29 ga Yuni 2021, a Ejura, matasa suka fito bayan jana'izar ɗan gwagwarmayar nan da aka fi sani da Kaaka, sojojin da aka kawo don taimaka wa 'yan sanda suka buɗe wuta, mutum biyu suka mutu. Nan ma aka kafa kwamiti.

A takarda dai muna da kariya. Sashe na 21 na Kundin Tsarin Mulki na 1992 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin taro da zanga-zanga. A 1993 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa ba sai da izinin 'yan sanda ake fita ba, dokar 1994 kuma ta ce sanarwar kwana biyar kawai ake bukata. Abin da ya rage shi ne hukunta wanda ya taka wannan 'yanci, domin jami'in da ya san kwamiti ne ƙarshen magana ba zai ji nauyin kunamar bindiga ba.

Mu ma muna da namu aikin. Mako biyu bayan wancan shiri na tambayi wasu matasa a wani dandalin shayi a Nima ko za su iya kawo sunan mutum biyar daga cikin waɗanda suka mutu a 2001. Babu wanda ya kai uku, alhali wasu mamatan maƙwabtan iyayensu ne. Kuma yau ma akwai 'ya'yan Zango cikin kaki, ƙannenmu da yayyenmu, ina so su san labarin 'yan sandan da hannunsu ya ƙi harbi a mararrabar Osu. Saboda haka na fara zagaya gidaje da na'urar ɗaukar murya, ina roƙon iyayen da suka rage su faɗi sunayen 'ya'yansu da sana'arsu, mu karanta su a shirin 9 ga Mayu mai zuwa. Duk wanda ke da ɗan uwa a cikinsu, ƙofa a buɗe take.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba iyalansu haƙuri.