Cibiyar Nazarin Fiziya ta Trieste: Tarihinta, Ayyukanta da Abin da Ya Shafi Ɗaliban Chadi

A birnin Trieste da ke arewa maso gabashin Italiya, a bakin teku kusa da iyakar Sloveniya, akwai wata cibiyar bincike da ake kira ICTP a taƙaice, wato Cibiyar Abdus Salam ta Ƙasa da Ƙasa ta Nazarin Fiziya. Ba jami'a ba ce irin wadda ɗalibanmu suka sani a Farcha ko Tukra, inda ake shiga bayan sakandare a fito da digirin farko. Wuri ne da masana suke haɗuwa don bincike da ƙaro ilimi, kuma tun ranar da aka kafa ta an yi ta ne domin masanan ƙasashe masu tasowa irin namu.

Fiziya, kamar yadda masu karatu da Larabci suke kiranta, ita ce ilimin da ke bin diddigin ƙa'idojin da Allah Ya ɗora halitta a kansu: haske, zafi, motsi, lantarki, da ƙananan ƙwayoyin da komai ya ginu da su. Tana da ɓangaren gwaji, mai buƙatar na'urori masu tsada, da ɓangaren nazari, wanda jarinsa lissafi ne da allo da alli, sai kuma kwamfuta a wannan zamani. Wannan na biyun ba ya fin ƙarfin talaka ta fuskar kayan aiki. Abin da yake kashe shi shi ne kaɗaici: masani ya zauna shekaru babu wanda zai tattauna da shi, babu sababbin mujallu, babu mai gyara masa kuskure.

Wannan kaɗaici ne asalin cibiyar. An haifi Abdus Salam a 1926, ya tashi a garin Jhang da ke Pakistan ta yau, ya yi karatu mai zurfi a Cambridge ta Ingila, sannan ya koma Lahore a 1951 ya fara koyarwa. Cikin shekara uku ya gane cewa in ya ci gaba da zama a gida binciken nasa zai mutu, in kuma yana son binciken sai ya bar gida. A 1954 ya koma Ingila. Wannan zaɓi mai ɗaci ya tsaya masa a rai, har a 1960, yana wakiltar Pakistan a babban taron Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya a Vienna, ya gabatar da shawarar a kafa wurin da masanin ƙasa matalauciya zai riƙa zuwa yana sabunta iliminsa ba tare da ya yi hijira ba. Manyan ƙasashe da dama ba su yi na'am da shawarar ba. Sai da aka yi shekara huɗu ana kai-komo, gwamnatin Italiya ta ɗauki mafi yawan nauyin kuɗin, wani masanin fiziya ɗan Trieste mai suna Paolo Budinich ya tsaya tsayin daka, sannan aka buɗe cibiyar a 1964. A 1968 ta tare a mazauninta na yanzu a unguwar Miramare. UNESCO ta shigo cikin tafiyar a 1970, kuma tun 1996 ita ke kula da gudanarwarta, ƙarƙashin yarjejeniyar ɓangarori uku: Italiya, UNESCO da hukumar ta Vienna.

Salam ya shugabanci cibiyar kusan shekara talatin. A 1979 ya sami kyautar Nobel tare da Sheldon Glashow da Steven Weinberg, saboda aikin da ya nuna cewa ƙarfin lantarki da maganaɗisu da wani rarraunan ƙarfi da ke aiki a cikin ƙwayar zarra tushensu ɗaya ne. Ya rasu a 1996, aka sa wa cibiyar sunansa a 1997. Bayansa an yi Miguel Virasoro ɗan Ajantina, da Katepalli Sreenivasan ɗan Indiya, da Fernando Quevedo ɗan Gwatemala, sai Atish Dabholkar ɗan Indiya da ya karɓa a 2019.

Akwai maganar da ba za mu ɓoye ba, domin wanda ya bincika zai ci karo da ita. Salam mabiyin Ahmadiyya ne, kuma matsayin malamanmu game da wannan aƙida sananne ne. A 1974 ma majalisar Pakistan ta yanke cewa mabiyanta ba sa cikin Musulmi. Wannan babi ne na aƙida, ana komawa ga malamai a kansa. Ita cibiyar ba makarantar addini ba ce, ba ta koyar da aƙidar kowa, ba ta tambayar mai neman shiga addininsa. Lissafi ake yi a cikinta, kuma lissafin da ya inganta bai canzawa saboda wanda ya rubuta shi.

Shirin da ya fi bayyana manufar cibiyar shi ne na abokan hulɗa, wanda aka fara tun farkon kafuwarta. Ana zaɓar malami da ke aiki a ƙasa mai tasowa, a ba shi damar ziyartar Trieste sau uku cikin shekara shida, cibiyar ta ɗauki nauyin tafiya da zama. Sharaɗin shi ne ya ci gaba da aiki a ƙasa mai tasowa. Ya je ya yi makonni cikin ɗakin karatu da zauren muhawara, ya dawo wa ɗalibansa da abin da ya samo. A ganinmu wannan ya fi yawancin tallafin karatu hikima, domin sau da yawa tallafin kan ɗauke mana haziƙanmu ne ba su dawo ba.

Ga matasa kuma akwai shirin difloma na shekara guda da aka fara a 1991, daga Satumba zuwa Agusta. Ana karɓar waɗanda suka gama digiri a fiziya ko lissafi, a horar da su har su cancanci shiga digirin digirgir a manyan jami'o'i. Fannonin sun haɗa da fiziyar ƙananan ƙwayoyi, fiziyar daskararrun abubuwa, lissafi, kimiyyar ƙasa da yanayi, da amfani da lissafi wajen nazarin halittu masu rai. Wanda aka ba gurbin tallafi ana biya masa kuɗin jirgi da na zama, kuma ana ba da fifiko ga ƙasashen da suka fi ƙarancin ci gaba, rukunin da Chadi da Nijar suke ciki. Akwai kuma digiri na biyu a fiziyar asibiti tare da Jami'ar Trieste, mai horar da waɗanda ke auna ƙarfin hasken da ake ƙona cutar daji da shi. Ban da waɗannan, duk shekara ana shirya gomman tarurruka da gajerun kwasa-kwasai da dubban masana ke halarta.

Mai tambaya zai ce: ina ruwan mazaunin Njamena da wannan? Mu ɗauki ruwa da ƙura. A 1963 faɗin Tafkin Chadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, amma bayan farin shekarun 1970 da 1980 ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin goma ko ƙasa da haka. A 2022 kuma Shari da Logone, waɗanda suke haɗuwa a nan birninmu, suka cika suka batse, unguwanni irin su Waliya suka nutse, aka sake ganin irin haka a 2024. A arewa akwai kwarin Bodele, wanda ake lissafa shi a sahun gaba cikin wuraren da suka fi tayar da ƙura a duniya, kuma daga can ne yawancin hazon hunturu yake tasowa ya lulluɓe har Kano. Fahimtar waɗannan duka aikin fiziya ne. Sashen kimiyyar ƙasa na cibiyar shi ke kula da wata manhajar kwamfuta mai suna RegCM, wadda take kwaikwayon yanayin yanki guda dalla-dalla: damina, iska, zafi da ƙura. Filippo Giorgi, wanda ya koma Trieste a 1998, yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro ta, ana ba da ita kyauta, kuma masana da yawa daga Afirka ta Yamma sun koyi aiki da ita a can. Ƙasar da ba ta da 'ya'yanta masu iya wannan lissafi, sai dai ta jira wasu su gaya mata yadda daminarta za ta kasance.

Cibiyar tana ba da kyaututtuka. Lambar Dirac, wadda aka fara a 1985, ana sanar da ita duk 8 ga Agusta. Kyautar Ramanujan, tun 2005, ta masana lissafi ce 'yan ƙasa da shekara 45 daga ƙasashe masu tasowa. Philibert Nang ɗan Gabon ya same ta a 2011, Mouhamed Moustapha Fall ɗan Senegal a 2022. A harabarta ne kuma Kwalejin Kimiyya ta Duniya, TWAS, da aka kafa a 1983 take, wadda Mohamed Hassan, ɗan maƙwabciyarmu Sudan, ya daɗe yana gudanarwa. A 2015, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar don ilimin haske, aka kuma tuna da cikar kimanin shekara dubu da aikin Ibnul Haisam mai Kitabul Manazir, a Trieste aka ajiye sakatariyar shirin. Tana da cibiyoyin ƙawance a Brazil da Meziko da Sin, kuma a 2018 aka buɗe ta Afirka a Kigali, cikin Jami'ar Ruwanda.

Babban cikas ga ɗalibin Chadi shi ne harshe. Karatunmu da Faransanci ne ko Larabci, a Jami'ar Njamena da aka kafa a 1971 ko a Jami'ar Sarki Faisal, alhali a Trieste da Ingilishi ake koyarwa, da shi ake rubuta takardar neman gurbi. Wanda yake da niyya sai ya fara koyon Ingilishi tun yana shekarar farko a jami'a, ya ƙarfafa lissafinsa, ya kuma kusanci malaman da suka san aikinsa, domin ana buƙatar wasiƙun shaida daga gare su. Ana cike takardun ta shafin cibiyar na intanet, watanni da dama kafin Satumbar da za a fara karatu.