Tarihin Dashen Ƙwayoyin Halitta Domin Maganin Cutar Karkarwa

Cutar karkarwa, wadda likitoci ke kira da sunan James Parkinson, likitan Landan da ya fara wassafa ta a 1817, lalura ce da ke kama mutum sannu a hankali, hannu ya riƙa rawa alhali yana zaune, gaɓoɓi su sandare, tafiya ta koma jan ƙafa. A Gombe da kewayenta galibi akan jingina ta ga tsufa, wani lokaci ma ga sammu, sai abin ya yi tsanani kafin a kai dattijo Asibitin Koyarwa na Tarayya. Asalinta kuwa mutuwar wasu ƙwayoyin halitta ne can cikin ƙwaƙwalwa, waɗanda ke samar da sinadarin dofamin mai daidaita motsi, wanda Oleh Hornykiewicz ya tabbatar da ƙarancinsa a ƙwaƙwalwar masu cutar a Biyana a 1960.

Maganin lebodofa, wanda ya bazu tun daga 1967, yana cike gurbin sinadarin, amma ba ya raya abin da ya mutu, kuma bayan shekaru ƙarfinsa kan riƙa yankewa. Wannan ne ya sa masana suka yi tunanin dasa sababbin ƙwayoyi a mazaunin matattun. Anders Björklund na Jami'ar Lund a Suwidin ya jarraba haka ga ɓeraye a 1979, ya ga dashen ya kama. A 1982 aka fara yi wa ɗan Adam a Istokholm, da naman da aka ɗebo daga bisa ƙodar majinyacin kansa, fa'idar ba ta taka kara ta karya ba. Da Ignacio Madrazo na Meziko ya ba da labarin gagarumar nasara da irin wannan nama a 1987, duniya ta ɗauka, har ɗan damben nan Muhammad Ali ya je ganinsa, ko da yake bai yarda an yi masa tiyatar ba. Waɗanda suka kwaikwayi aikin a Amurka kuwa ba su ga abin da aka ce ba.

A wannan shekara ta 1987 Olle Lindvall ya fara dasa ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɗan tayi a Lund, kuma a nan ne mas'alar ta shiga hannun fuƙaha'u. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta zauna a Jidda a 1990, ta halatta ɗebo ƙwayoyin daga jikin majinyacin kansa, ta haramta a halaka tayi da gangan domin a amfana da ƙwaƙwalwarsa, sannan ta yi rangwame, bisa sharuɗɗa, ga wanda ya zube da kansa ko aka fitar domin ceton ran uwa.

Hukuncin gwaji ya fi na malamai tsanani. A 2001 Curt Freed na Kolorado ya bayyana sakamakon majinyata 40, rabinsu an yi musu dashen, rabi an yi musu tiyatar gangan ba tare da sun sani ba. Masu ƙarancin shekaru sun ɗan amfana, tsofaffi ba su amfana ba, wasu kuma suka kamu da fizge-fizgen jiki da ba ya jin magani. Gwaji na biyu a 2003 bai fi shi daɗin ji ba, sai aikin ya kusa tsayawa cik.

Abin da ya farfaɗo da shi shi ne binciken Shinya Yamanaka, wanda a 2007 ya mayar da ƙwayar fatar baligi zuwa halinta na farko, inda za a iya sarrafa ta ta zama kowace iri, lamarin da ya ɗauke buƙatar tayi tare da shubuhar da ke tattare da shi. Jun Takahashi ya yi dashen farko da irin waɗannan a Kiyoto a 2018, kuma rahoton da ya fito a Afrilun 2025 kan majinyata 7 ya nuna ƙwayoyin sun rayu ba tare da sun zama ƙari ba. Adadin ya yi kaɗan a gina hukunci a kansa.

A Nijeriya dashen ƙwayoyin ɓargo aka sani, wanda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ya fara yi wa mai sikila a 2011. Mai karkarwa a Gombe kuwa har yanzu lebodofa ce madogararsa, da gashin ƙashi, da kuma ɗawainiyar iyali wajen sayen maganin wata bayan wata.