Daga Kano zuwa Jidda: Nisa da Lokaci a Tarihin Hanyar Hajji



Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai kimanin kilomita 3,400, watau mil 2,100 da 'yan kai. Kafin Afrilun 2023, jirgin zamani yakan cinye wannan tazara cikin awa biyar ko ƙasa da haka, sai dai maniyyaci ya tura agogonsa gaba da awa biyu in ya sauka. Nisan bai ragu da ko taƙi ɗaya ba tun zamanin kakanninmu. Lokaci ne ya taƙaita, kuma taƙaitarsa ta sake fasalin al'ummarmu.

A da, mai niyyar hajji yakan yi wasiyya, ya nemi gafarar dangi, sa'an nan ya kama hanyar gabas: Barno, Wadai, Darfur, Kurdufan, har bakin Kogin Nilu, daga nan Sawakin, inda zai ƙetare Bahar Maliya. Talaka yakan shekara da shekaru a hanya, yana noma ko ƙwadago a kowane zango domin neman guzuri. Da yawa ba su kai ba, da yawa kuma ba su komo ba. Bayan yaƙin Burmi a 1903, mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru sun bi hanyar nan, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin da har yau ake kira da sunansa kusa da Sinnar.

A 1925 aka yi abubuwa biyu da suka cancanci a gwama su. A shekarar aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, gonakin audugar Jazira suka buɗe, suka riƙe dubban mahajjatanmu da aikin lada. A watan Nuwamban shekarar kuma jiragen sojan Ingila uku suka sauka Kano daga Masar. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Hartum da Kano. Sannu a hankali sama ta ƙwace wa ƙasa matafiyanta.

Ribar a fili take: tsoho da mace da ma'aikaci mai gajeren hutu duk sun sami sauke farali. Amma akwai hasara. Alhajin da yakan komo da Larabci a baki, da littattafai, da sanin mutanen hanya. Na zamanin jirgi kuwa, kafin Afrilun 2023, yakan ratsa samaniyar Sudan yana barci, bai san 'yan'uwansa na ƙarƙashinsa ba.

A watan Afrilun 2023 yaƙi ya sa aka rufe sararin samaniyar Sudan, jiragen alhazanmu suka yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo. Ashe awa biyar ɗin nan ba ƙarfin inji kaɗai ke ba da ita ba, har da zaman lafiyar ƙasashen da ake ƙetarawa.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.