Bindigar Ɗure a Arewacin Ƙasar Zazzau

Wanda ya lura da maharban Ikara da Maƙarfi da Kudan, waɗanda suke fita farauta da rani bayan an kawar da amfanin gona, zai ga galibinsu bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki suke saɓawa, alhali kuwa bindiga mai harsashin kwanso ta game duniya tun ƙarni na 19; wannan kuma yana da sababi a tarihi, wanda bai kamata a jingina shi ga talauci kaɗai ba.

Asalin irin wannan bindiga daga bakin teku ta hauro, inda fataken Turai, cikinsu har da mutanen Denmak masu ganuwa a Ankara, suke musanya ta da zinariya da bayi. A ƙarni na 19 Nufawan Bida, musamman a zamanin Etsu Masaba, su ne suka riƙe mashigarta daga Kwara, sai abin da suka ga dama yake isowa Zazzau. Da haka aka samu 'yan bindiga na Sarkin Zazzau Yero, wanda ya yi mulki har zuwa 1897, da na magajinsa Kwasau. A can Damagaram kuwa Sarki Tanimu ya kai ga sa a yi masa albarushi da igwa a cikin birninsa.

Amma abin da ya yanke hukunci a kan makamin talaka ya faru ne a nesa ƙwarai. A 1890 daulolin Turai suka ƙulla yarjejeniya a Burasal, suka haramta sayar wa mutanen wannan sashe na Afirka bindigogi masu harsashin kwanso, suka halatta masu ƙanƙara da albarushin kasuwa kawai; saboda haka sa'ad da rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Morland ta tashi daga Zariya a farkon 1903, ta bi ta Bebeji ta ci Kano, tazarar da ke tsakanin makaman ɓangarorin biyu an riga an rubuta ta shekara 13 kafin ranar yaƙin. Dokar makamai ta 1959 ita ma ta bar bindigar ɗure a aji na daban, mai sauƙin samun izini, harsashin soja kuma ya zama aikin ma'aikatar gwamnati da aka kafa a Kaduna a 1964.

A ganina nan ne darajar sana'ar maharbi take. Kwanson tagulla sai inji, amma bindigar ɗure maƙerin gari yana iya gyara ta, ya sake mata kunama, masassaƙi ya yi mata ƙota. Maharbi kuma shi ne ma'aikatar kansa a kowane harbi, domin shi zai auna albarushi gwargwadon ƙarfin bakin bindigarsa da girman naman da yake nufi, ya san cewa in ya rage dabba ta tafi da rauni, wanda shari'a ta ƙi, in ya ƙara kuwa ƙarfe ya tsage a hannunsa. Ga shi harbi ɗaya gare shi, shi ya sa ake mata laƙabi da harbi-ka-ruga, shi ya sa kuma sanɗa da sanin iska suka fi saiti muhimmanci a wurinsa. Wannan ilimi da baki da ido yaro yake ɗaukarsa wurin ubansa ko wurin Sarkin Baka, shekaru yana ɗaukar jaka kafin a yarda ya ɗura da hannunsa.